Tarken Sanarwar Mutuwar Shugabannin 'Yan Ta'adda: Misali daga Labaran Mutuwar Abubakar Shekau

1.0 GABATARWA

Manazarta adabi sun saba ɗora awonsu a kan waƙa da ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo. Amma akwai wani nau'in rubutu wanda ya fi duk waɗannan yawan masu saurare a ƙasar Hausa, ga shi kuwa ba kasafai ake tarkensa ba. Wannan rubutu shi ne sanarwar da rundunar soja kan fitar ta ce ta kashe wani shugaban 'yan ta'adda. Akan tsara ta da Ingilishi ko Faransanci, gidajen rediyo su mayar da ita Hausa, kafin la'asar ta zama abin hira a kasuwa da tasha da sansanin 'yan gudun hijira. Tana da marubuci, tana da siga da salo, tana kuma da manufa. Saboda haka babu abin da zai hana a yi mata irin tambayoyin da ake yi wa kowane matani.

Maƙasudin wannan takarda shi ne auna irin wannan sanarwa, a ga iyakar amincewar da ta cancanta. Mun zaɓi labaran mutuwar Abubakar Shekau, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, domin tsakanin 2009 da 2021 an sha shelar mutuwarsa yana sake bayyana. Za mu kuma leƙa wasu ƙasashe don kwatanci. Abin da muke son nunawa shi ne, sanarwar da ba ta fito da shaidarta ba, kuma ba ta komawa ta gyara kurenta, a ƙarshe takan miƙa ikon tabbatar da labari ga abokan gaba. Wannan tarke ya tsaya ne a kan matani. Bai shafi jaruntakar sojojin da suka ba da rayukansu a fagen fama ba.

2.0 SANARWAR MUTUWA A WAJEN BAHAUSHE

Kafin mu auna sanarwar soja, ya kamata mu dubi ma'aunin da mai saurare yake riƙe da shi tun daga gida. Bahaushe ba ya wasa da labarin mutuwa. Idan za a yi sanarwar rasuwa a masallaci ko a rediyo, akan ambaci sunan mamaci da na mahaifinsa da unguwarsa, a faɗi lokacin da ya cika, a faɗi inda za a yi jana'iza da sa'ar da za a yi ta, sannan a rufe da sunan wanda ya ba da sanarwa a madadin iyali. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da za a iya bincikawa. Mai shakka sai ya tafi ƙofar gidan, ya ga makara, ya bi sahu, ya raka gawa makabarta. Gani ya kori ji.

Dalilin wannan tsanani shi ne hukunce-hukuncen da ke rataye da mutuwa. Da ita mace ke shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, da ita ake biyan bashi a raba gado, da ita ake naɗa magaji. Shi ya sa malaman fiƙihun Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, suka keɓe hukunci na musamman ga mafƙudi, watau mutumin da ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba. Matarsa sai ta kai ƙara, a bincika, a ɗibar mata shekara huɗu, sannan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye. Al'ummar da ke jiran shekara huɗu kafin ta yanke hukunci a kan talaka guda ba za ta rasa ma'aunin da za ta ɗora labarin mutuwar madugun 'yan ta'adda a kai ba.

Daga wannan al'ada muna iya fitar da ma'aunai huɗu:

(a) Mai shaida: wa ya gani da idonsa, kuma an ambace shi?
(b) Gawa, ko abin da zai tsaya a madadinta, kamar zanen yatsu ko gwajin ƙwayoyin halitta.
(c) Amincewar dangi, wadda a nan take nufin amincewar ƙungiyar mamacin.
(d) Ɗaukewar motsin mutum na tsawon lokaci, tare da bayyanar magajinsa.

3.0 MUTUM ƊAYA, SANARWA DA YAWA

3.1 Shekarar 2009. A ƙarshen watan Yuli na wannan shekara aka yi tarzomar Maiduguri. Sojoji suka kama Muhammad Yusuf da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu ranar 30 ga wata. A nan akwai gawa, babu mai musun mutuwar. Abin da aka musa shi ne yadda ta auku, domin hotunan da suka fito sun nuna shi a kame ana yi masa tambayoyi. Mataimakinsa Shekau kuwa, hukumomi sun lissafa shi cikin waɗanda aka kashe, ba tare da an nuna gawarsa ba. A 2010 sai ga shi a faifan bidiyo yana cewa shi ne sabon shugaba. Tun daga tushe ke nan amana ta samu tsaga biyu: an faɗi mutuwar da ta faru ta hanyar da ba a yarda da ita ba, an kuma faɗi wadda ba ta faru ba.

3.2 Shekarar 2013. Ranar 19 ga Agusta kakakin rundunar haɗin gwiwa a Maiduguri, Laftanar-Kanar Sagir Musa, ya fitar da sanarwa cewa rahoton asiri ya nuna mai yiwuwa Shekau ya mutu. An ce an harbe shi a dajin Sambisa ranar 30 ga Yuni, aka sulale da shi zuwa Amcide a kan iyakar Kamaru don jinya, ya cika tsakanin 25 ga Yuli da 3 ga Agusta. Abin lura a wannan matani shi ne yadda ya haɗa ƙididdigaggun ranaku da kalmomin shakka. Ranaku da sunan gari sukan sa mai saurare ya ɗauka an gani da ido, alhali kuwa duk ginin yana tsaye ne a kan "mai yiwuwa". Ba a ambaci mai shaida ba, ba a nuna kabari ba. Sanarwar ta kuma fito ne a daidai lokacin da wannan runduna ke miƙa aiki ga sabuwar Runduna ta 7, abin da ya sa ta yi kama da rufe littafin aiki da kyakkyawan sakamako. A watan Satumba wani faifai ya fito, mai maganar yana cewa shi ne Shekau kuma yana nan da ransa. A Afrilun 2014 aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok, a watan Mayu kuma mutumin da aka ce ya mutu ya fito yana alfahari da satar.

3.3 Shekarar 2014. Bayan gumurzun Konduga a watan Satumba, kakakin hedikwatar tsaro, Manjo-Janar Chris Olukolade, ya sanar da cewa an kashe wani Muhammad Bashir wanda ke shigar burtu yana fitowa a bidiyo a matsayin marigayi Shekau. A wannan karo an nuna hoton gawa mai gemu. Amma ta fuskar tarke, wannan ita ce sanarwa mafi rauni, domin ta gina wa kanta katangar da babu hujjar da za ta iya tsallakawa. Idan Shekau ya yi shiru, ya mutu ke nan. Idan ya fito, ai mai kama da shi ne. Maganar da babu abin da zai iya ƙaryata ta, babu kuma abin da zai iya gaskata ta. A farkon Oktoba wani faifan ya sake fitowa, da fuska da murya da ɗabi'un da masu bincike suka saba gani.

3.4 Shekarun 2015 zuwa 2017. A Agustan 2015 Shugaba Idris Debi na Cadi ya ce an sare kan ƙungiyar, wani mai suna Mahamat Daud ya karɓi ragama. Ba a yi mako guda ba Shekau ya mayar da martani da muryarsa. Ranar 23 ga Agustan 2016 kakakin sojan ƙasa, Kanar Sani Usman, ya ce a wani harin jiragen sama a Sambisa an tabbatar da mutuwar wasu kwamandoji, ana kuma zaton wanda ake kira Shekau ya samu rauni mai kisa a kafaɗa. A ranar ce Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Jon Keri, ya sauka a Sakkwato. A Satumba Shekau ya fito ya ce lafiyarsa lau. A Yulin 2017 kuma hafsan sojan ƙasa, Laftanar-Janar Tukur Buratai, ya ba kwamandan yaƙin wa'adin kwana 40 ya kawo Shekau a raye ko a mace. Wannan umurni, ko da ba a faɗa ba, ya rushe sanarwar 2013 da ta 2014, domin ba a sa wa'adin kama marigayi.

3.5 Shekarar 2021. A watan Mayu mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Shekau a 2016, suka kutsa Sambisa suka rutsa shi, ya tayar da bam ya kashe kansa. Rundunar soja ta ce tana bincike, ba ta yi gaggawar shela ba. Tabbacin ya zo ne a watan Yuni daga muryar Abu Mus'ab al-Barnawi, shugaban ISWAP, daga bisani kuma mabiyan Shekau na yankin Tabkin Cadi suka amsa. Bayan haka dubban mayaƙa da iyalansu suka fito daga daji suka miƙa wuya a Jihar Borno, Shekau kuma bai sake motsi ba. Ma'auni na uku da na huɗu sun cika, ko da yake ba a ga gawa ba. Abin takaici a nan shi ne, a karon da labarin ya zama gaskiya, jama'a ba daga bakin hukuma suka gaskata shi ba, daga bakin wani ɗan ta'addan suka gaskata shi.

4.0 HARSHEN SANARWA DA FASSARARTA

Idan muka yi wa marubutan waɗannan sanarwoyi adalci, za mu ga cewa ba kullum suke yanke magana ba. Sanarwar 2013 da ta 2016 duk suna ɗauke da kalmomin kariya, irin su "mai yiwuwa" da "ana zaton". Matsalar ita ce inda ake ajiye su. Akan buɗe da labarin gagarumar nasara, a jera sunayen wurare da makamai, sannan a cusa kalmar shakka a tsakiyar doguwar jimla, inda kunne ba zai riƙe ta ba. Marubucin ya ci riba biyu ke nan: idan labarin ya tabbata, shi ya fara faɗa; idan ya ƙi, ai bai ce tabbas ba.

Daga nan sai matanin ya faɗa hannun mai fassara, wanda ke da daƙiƙa kaɗan da layi ɗaya na kanun labari. Akwai gurabe uku da ma'ana kan zube.

Na farko shi ne aikatau. Sojoji suna da wata kalmar Ingilishi da suka fi so, wadda asalin ma'anarta kashe kaifin abu ne. Tana iya nufin an kashe mutum, ko an raunata shi, ko an kama shi. Hausa ba ta da kalma guda mai wannan duhu, saboda haka mai fassara kan ɗauki "kashe" ko "hallaka", har wani lokaci "sheƙe" ko "aika lahira". Abin da aka bari a buɗe da gangan sai ya rufu a bakin mai fassara. Haka nan "rauni mai kisa" na 2016: Bahaushe ya san wanda aka ji wa mummunan rauni, ya san wanda aka kashe, amma bai san wanda ke tsakani har tsawon wata guda ba.

Na biyu shi ne lamirin nan na "an", wanda ke ɓoye aikau. "An kashe", "an tabbatar", "an gano". Wa ya tabbatar? Matuƙin jirgi ne, ko ɗan leƙen asiri, ko wani kamamme da ke neman sassauci? Lamirin yana haɗiye amsar, ma'auninmu na farko kuwa a kanta ya dogara. Malaman hadisi ba sa duban matani sai sun ga isnadi. Sanarwar soja matani ce da ake so a karɓa ba isnadi.

Na uku shi ne "wai". Hausa tana da wannan 'yar ƙaramar kalma wadda mai magana kan nesanta kansa da ita daga labarin da bai gani ba. Ita ce ta fi dacewa da labarin da ya rataya a kan rahoton asiri. Amma ɗan jarida yana jin nauyin ya ce "wai sojoji sun kashe", domin za a ɗauka raini ne ga hukuma. Sai ya ce "sojoji sun ce sun kashe", wanda daidai ne, amma kafin labarin ya kai bakin mutum na uku "sun ce" ta faɗi a hanya. Abin mamaki shi ne, bayan shekaru na maimaici, masu saurare da kansu suka mayar da "wai" ɗin gurbinta. Suka kuma liƙa ta ga kowace sanarwa, ta gaskiya da ta ƙarya baki ɗaya.

5.0 KWATANCI DA WASU ƘASASHE

Kada a ɗauka wannan ciwo na Nijeriya ne kaɗai. A yaƙin arewacin Mali, cikin kwana biyu a farkon Maris na 2013, Cadi ta sanar da kashe manyan kwamandoji biyu, Abu Zaid da Mukhtar Balmukhtar. Faransa ba ta amsa na farkon ba sai bayan mako uku, da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, kuma ya tabbata. Na biyun bai samu irin wannan shaida ba. A watan Mayu na shekarar ƙungiyar Balmukhtar ta ɗauki alhakin hare-haren Agadas da Arlit a Nijar, a Yunin 2015 kuma jiragen Amurka suka sake kai masa hari a Libiya, aka sake shelar mutuwarsa. Yaƙi ɗaya, mako ɗaya, baki ɗaya. Gwajin ne ya raba labaran biyu.

Haka abin yake ga Abubakar al-Bagadadi. A Yunin 2017 Rasha ta ce mai yiwuwa jiragenta sun kashe shi kusa da Raƙƙa a Siriya. Ya fito a bidiyo a Afrilun 2019. Sai a Oktoban 2019 sojojin Amurka suka sauka ƙasa a ƙauyen Barisha, suka ɗauki abin da ya saura na jikinsa suka gwada, ƙungiyarsa kuma ta amsa cikin 'yan kwanaki ta naɗa magaji. Usama bin Ladan ma a Mayun 2011 sojojin ƙasa ne suka kashe shi a Pakistan. An jefa gawar a teku, an ƙi nuna hotuna, abin da ya buɗe ƙofar jita-jita, amma Alƙa'ida ta rufe ta da kanta bayan kwana huɗu.

Darasin farko da ke cikin wannan kwatanci shi ne bambancin harin sama da na ƙasa. Jirgi yana ganin rumfa da babura da taron mutane, ba ya ganin fuska, ba ya kuma sauka ya ɗaga mayafi. Mu a ƙasar nan mun san haka da tsada. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a Disamban 2023 kuma jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna, inda hukumar agajin gaggawa ta ƙirga mutum 85. Idon da ya kasa bambance taron Mauludi da sansanin 'yan bindiga, da wuya a karɓi shaidarsa ita kaɗai a kan cewa wane ɗan wane ne ya mutu. Wannan ne ya sa masana da dama suka yi dako lokacin da sojojin Nijar suka sanar a Agustan 2025 cewa jiragensu sun kashe Bakura, magajin Shekau, a tsibirin Shilawa na yankin Diffa, ba tare da nuna gawa ba.

Darasi na biyu shi ne, amincewar ƙungiya ma ba ma'auni ne marar aibi ba. Mulla Umar na Taliban ya mutu a 2013, mutanensa suka ɓoye har 2015, suna fitar da saƙonni da sunansa. Aiman al-Zawahiri kuwa Amurka ta ce ta kashe shi a Kabul a ƙarshen Yulin 2022, babu gwaji, ƙungiyarsa kuma ba ta fito ta yi ta'aziyyarsa ba, amma ɗaukewar motsinsa ta sa duniya ta karɓa. A gida kuma, a Oktoban 2021 babban hafsan tsaro, Janar Lucky Irabor, ya ce al-Barnawi ya mutu, ba tare da bayanin wuri ko rana ba; ISWAP ba ta amsa ba, masu bincike da yawa kuma ba su gamsu ba. Ashe ke nan ba a dogara da ma'auni ɗaya. Gwargwadon yawan waɗanda suka haɗu, gwargwadon nauyin labari.

6.0 ABIN DA AKE HASARA

Mai kare waɗannan sanarwoyi zai ce yaƙi ɗan zamba ne. Shelar mutuwar madugu tana karya zuciyar mabiyansa, tana ƙarfafa sojan da ke bakin daga, tana kuma iya tilasta wa ɓoyayye ya fito ya yi magana a gane inda yake. Wannan hujja ce mai nauyi, ba ma raina ta. Sai dai zambar yaƙi abokin gaba ake yi wa. Mayaƙan da ke Sambisa sun san ko shugabansu na raye. Waɗanda ba su sani ba su ne manomin Konduga da uwar ɗalibar Chibok da matar sojan da ke bariki. Zambar da abokin gaba ya gane, ɗan ƙasa ya ruɗu da ita, ta koma kan mai ita.

Hasara ta farko ita ce ta amana. Ranar da hukuma za ta bukaci jama'a su gaskata ta a kan abin da ya shafi rayukansu, misali cewa hanya kaza ta buɗe ko gari kaza ya yi lafiyar komawa, sai ta tarar ta riga ta kashe jarinta. Ɗan gudun hijirar da zai yanke shawarar komawa gona da iyalinsa yana bukatar muryar da ba ta taɓa yi masa wasa da labari ba.

Hasara ta biyu ita ce girman da ake ƙara wa ɗan ta'adda. A al'ummar da ta san labarin maganin ƙarfe da layar zana, mutumin da aka ce ya mutu sau uku ya dawo ba sai ya yi wa kansa kirari ba. Hukuma ta yi masa. Kowace sanarwa ta ba Shekau dandalin fitowa ya yi dariya, kafofin watsa labarai na duniya kuma suka ɗauka.

Hasara ta uku ita ce karkatar da hankali daga cuta zuwa mutum. Muhammadu Marwa Maitatsine ya mutu a tarzomar Kano ta Disamban 1980, an ga gawarsa, babu mai musu. Duk da haka mabiyansa sun sake tashi a Bulumkutu a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985. Kashe Muhammad Yusuf ya haifar da Shekau, mutuwar Shekau kuma ta ƙarfafa ISWAP ta bar Bakura. Sanarwar da ke nuna wa jama'a cewa faɗuwar mutum ɗaya ƙarshen yaƙi ce, ko da gaskiya ta faɗa a kan mutuwar, ta sa an kashe maciji ba a sare kansa ba.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa Bahaushe yana da tsohon ma'auni na labarin mutuwa, kuma sanarwoyin da aka yi a kan Shekau daga 2009 zuwa 2016 babu wadda ta cika shi. Mun ga yadda kalmomin shakka ke zubewa tsakanin teburin kakaki da bakin mai karanta labarai. Mun kuma ga cewa inda aka yi haƙuri aka jira gwaji, labari ya tsaya da ƙafarsa.

Saboda haka muna ba da shawara ga masu tsara sanarwa su bambance matakai uku a fili: an kai hari, ana zaton an samu wane, an tabbatar da mutuwar wane ta hanya kaza. Idan labari ya warware, a fito a faɗa da bakin da aka yi shelar farko, domin gyaran kure shi ke sa a gaskata magana ta gaba. Ga masu fassara kuma, a ɗauki kalmar shakka a matsayin ɓangaren labari, a sa ta a kanu, a kuma tuna wa mai saurare sau nawa aka taɓa yin irin wannan shela a kan mutumin. Mu malaman kwalejojin ilimi, da muke horar da waɗanda za su koyar da Hausa a firamare da sakandare, ya kamata mu shigar da irin waɗannan matanoni cikin darussan fassara da fahimtar karatu, ɗalibi ya saba tambayar wa ya gani, me aka nuna, wa ya amsa. Muna fatan mahalarta wannan taro za su faɗaɗa wannan nazari zuwa sanarwoyin da ake yi a kan shugabannin 'yan bindiga na Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda tambayoyin nan suke nan suna jiran amsa.